Sawun da Ya Tsiro a Tungar Labaran

Kaji ne suka fara mutuwa a Tungar Labaran, amma wa ke ta kaji a shekarar da mutum ma bai ƙoshi ba? Ba a san akwai magana ba sai ran da Husaina 'yar Wakili ta miƙa hannu za ta ɗauki tulu, hannun ya wuce tulun ya kamo iska. Idonta a buɗe tar, ba ja ba kwantsa, amma ba ta ganin komai sai abin da ke saitin hancinta. Daga nan ƙafafu suka daina jin ƙasa, harshe ya yi nauyi, tafiya ta koma tangaɗi. Ba zazzaɓi, ba gudawa, ba ƙurji ko ɗaya. Ran da aka kai ta makwancinta, an riga an kwantar da wasu a gidan Liman da gidajen da ke kusa da shi.

Shekarun aikin madatsar Bakolori ne. Ruwa ya cinye tsohon garinmu har da maƙabarta, aka kwaso mu aka zube a kan wani fako tsakanin Maradun da Tsibiri. Gonakin da suka rage kuma katafila ta bi ta kansu, wai za a daidaita ƙasa a mayar mana. Damina ta zo ta wuce ba shuka, wata ta sake zuwa ta wuce. Mutanen da aka yi wa haka, in ka ce musu an zuba musu guba don a ƙarasa su, ba sai ka rantse ba.

Rijiya ɗaya ce a garin, kuma Bawa mutumin Damri ne ya haƙa ta. Wani ya ce ya gan shi ya fito daga cikinta da farin gari a riga. Wani ya ce ya ga motar Turawan kamfanin madatsar ta tsaya sun yi magana da shi. Kafin la'asar magana ta gama gari: kamfani na son fakon nan ma, an ba Bawa maganin da zai share mu ɗungurungum. Suka yi masa dukan kawo wuƙa. Wakili, mai riƙe da garin a madadin hakimi, shi da aka binne wa 'ya, shi ne ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin ajiya bayan zaurensa. Ya ce ba mai ƙara taɓa shi sai Falalu ya dawo ya duba ƙasa.

Falalu mai bin sawu ne, kuma a lokacin ya bi wasu shanun sata har can bayan Bakura, ya yi makonni ba labarinsa. Da ya dawo ya tarar an ƙara binne mutane, samari kuma sun gaji da jira. Suka tare shi tun a bakin gari suka gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ran Juma'a in an sauko daga masallaci, in bai kawo musu wani ba, za su jefa Bawa cikin rijiyarsa su cike ta. Ko ƙofar ɗakin ba su bar shi ya matsa ba. Sun san nono ɗaya suka sha da Bawa, kuma shi ya kawo shi garin.

* * *

Bai roƙi kowa ba. Falalu ba ya roƙo, ba ya kuma yawan magana, shi ya sa wasu ke cewa girman kai gare shi. Da sassafe ya je bakin rijiya ya tsuguna. Jama'a sun ƙaurace mata, suna tafiya har tafki ɗebo ruwa, in ban da matan leburorin kamfani da suka ce su ba za su iya wannan wahalar ba. Ya duba sawun jakuna da na awaki a bakin kwamin shan ruwa, duk lafiyayyu. Ya tambayi matan ko akwai mai ciwo a gidajensu, suka ce ko ciwon kai babu. Ya jefa guga ya jawo, ya sha har ya ƙoshi, ya lakato laka daga gindin gugan ya murza. Farar ƙasa ce, ita ce farin garin da aka gani a rigar Bawa. Samarin da ke kallonsa suka ce ai guba ta san 'yan gida.

A hanyarsa ta komawa ne tsigar jikinsa ta tashi. Falalu ya san sawun kowa a garin nan kamar yadda kai ka san muryar 'yan gidanku. A kan yashin hanyar masallaci ya ga sawun mutanen da suka je sallar asuba garau, suka gaisa da jama'a suka koma gida, amma babban yatsan ƙafarsu na jan ƙasa, taku ɗaya ya faɗa nan, ɗaya can. Su kansu ba su ji komai ba tukuna. Ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hanya yana ganin waɗanda za su kwanta nan gaba, har da Liman. Kuma duk cikinsu babu wanda ya ƙara shan ruwan rijiyar tun da aka kama Bawa.

* * *

Ya fara da Malam Ja'afaru, limamin gari. Suka daɗe suna gaisuwa, aka tambayi gajiyar hanya, da iyali, da zafi, da haƙurin rashi. Malam ya ce shi bai ɗora wa Bawa ba, bai kuma sauke masa ba. Abin da ke hana shi barci daban ne.

"Mun baro iyayenmu ƙarƙashin ruwa, Falalu," in ji shi. "Masunta na hwaɗin in tafki ya kwanta suna hango rassan tsamiyar maƙabarta suna motsi, alhali ba iska. Ban ce su na ba, Allah ka kashewa. Amma ko sallama ba mu yi musu ba."

Falalu ya tambaye shi me ake ci a gidan. Malam ya gyara rawani, ya ce alhamdu lillahi, tuwon dawa, daga ɗan abin da ya rage a rumbu. Da zai fita ya saci kallon rumbun. Babu sawun mutum ko ɗaya da ya nufe shi, zanzaro ma har ya yi gini a bakin murfin.

Haka ya yi ta samu gida bayan gida. Wakili ya ce dawarsa yake ci. Wancan ya ce geronsa. Duk gidajen da ciwon ya shiga manyan gidaje ne, na malamai da na manoman da a da su ke ciyar da rabin gari, kuma duk rumbunansu wayam. Kai, mutanenmu, Allah ya shirye su! Mutum zai yarda ya ɗauki gawar ɗansa a kafaɗa, amma ba zai yarda maƙwabci ya san ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Shi kuma Falalu ba ya da bakin da zai ce wa dattijo rumbunka ba komai. Ya san ana yi masa ƙarya, ya kuma san ba ƙaryar mugunta ba ce, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Daga ƙarshe ya je wurin Marka, a gidanta na gefen gari. Tsohuwa ce, ita ce ungozoma, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Sawunta na ƙofar duk gidan da ake jinya, to ina abin mamaki a nan? Ta ba shi tabarma, ta ce ita kam ko a gaban Alƙur'ani za ta faɗa, yaron nan Bawa bai yi komai ba. Ta ce tun tana budurwa take wanka, ta ga na agana, ta ga na sanƙarau, amma ba ta taɓa wanke gawa masu tsabta irin waɗannan ba. Ba tabo, ba kumburi, kamar barci suke, sai dai idon ba ya son rufuwa.

Ɗanta Ɗanasabe na gefe a kan turmi, bai ɗago kai ba. Gadi yake yi a sito na kamfani a hanyar Talata Mafara. Da Falalu ya juyo kansa, sai ya yi saurin cewa shi dai ya ga an jibge wasu gangunan magani a bakin babbar magudana, wari na tashi, ƙila daga can ne. Falalu ya ɓata yini guda cur a kan wannan magana. Ya sami gangunan, da warinsu da komai, amma suna can ƙasa da gari nesa, ruwan wurin kuma Bakura ya nufa, ba Tunga ba.

Yana dawowa hadari ya haɗo. Ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya wanke gari tas, bai bar sawun ko kaza ba. Samari suka ce to, Allah ma ya rufe wa mai bin sawu littafinsa, saura Juma'a.

* * *

Kwanakin da suka biyo baya Falalu ya rame a tsaye. Ya zaga gari ya sake zagawa, ba abin da ƙasa ta gaya masa. Liman ya kwanta kamar yadda sawunsa ya nuna zai kwanta, sai an riƙe shi yake fitowa zaure. An fara tara duwatsu a bakin rijiya, a fili, ba kunya.

Ran Alhamis da hantsi yana tsugune a ƙofar gidan Liman, ba don komai ba sai don ƙafafunsa sun gaji, idonsa ya sauka a kan wasu 'yan tsirrai a gefen dokin ƙofa. Bayan ruwan farko ko'ina ciyawa na fitowa, amma waɗannan a miƙe suke, sirara, kore shar, kuma a jere. Ba gero ba ne, ba dawa ba ce, ba kuma wata ciyawar da ya sani a fakon nan ba. Ya sa yatsa ya tono ɗaya. A gindinsa akwai ƙwaya doguwa mai tsaga a ciki, cikin tsagar kuma da ɗan ja-ja. Alkama ce. Rabon wani a garinmu da shuka alkama tun kafin ruwa ya ci fadama.

Ya miƙe a hankali ya duba hanya. Ga wani tsiron can, ga wani gaba da shi, jefi-jefi, yadda ƙwaya ke zuba daga tsohon kwando a kan mai tafiya. Ruwan da ya share sawu shi ne ya tayar da wannan. Layin kore ya tashi daga ƙofar Liman ya tsaya a ƙofar Wakili, ya tsallake gidajen leburori kaf, ya sake tsayawa a wata ƙofar da aka yi zaman makoki. Babu gidan ciwo ko ɗaya da ya tsallake, har da gidajen da ba a kwanta ba tukuna. Falalu ya juya ya bi shi ta baya, zuwa inda ya fito. A bayan wata danga ya ƙare, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Nan alkamar ta fito cunkus, kuma a gefenta ga kurciyoyi a mace, ko tururuwa ba ta taɓa su ba. Ya san gidan sarai, ya daɗe tsaye a wurin.

Bai shiga ba. Ya ƙulle ƙwayoyin a bakin rawani, ya tari motar yashi zuwa Talata Mafara, ya nemi malamin gona. Mutumin na ganin jan nan ya miƙe tsaye. Ya ce wannan iri ne na shuka, an jiƙa shi da magani don kada ya ruɓe a ƙasa, jan kuma gargaɗi ne kawai. Wanki na fitar da launi, ba ya fitar da dafin. Ba ya kama mutum ran da ya ci, sai ya yi makonni yana taruwa a jiki, in kuma ya nuna, to ya riga ya gama aikinsa. Ya tambaya wa ya ci. Falalu ya ce gari guda. Malamin ya ce gobe zai taho da mutanen asibiti, amma kada a sa rai da yawa.

* * *

Ran Juma'a da aka dawo daga masallacin Maradun, kowa ya zarce ƙofar Wakili, samari a gaba da igiya. Falalu ya nemi a fito da Liman a zaunar, a kira Ɗanasabe, mata kuma su tsaya bayan zana inda za su ji. Ya zube tsirran a kan tabarma gaban Wakili.

"Ranka shi daɗe, ba rijiya ta ba," in ji shi. "Abin ga da baki anka ci shi. Ina son wanda yat taɓa samun ƙunshin alkama ƙohwar gidanai da asuba, ba shi san mai ajewa ba, shi hwaɗi."

Ka ga dattawa da gemu kowa ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido. Falalu ya sake tambaya, ya ce ran mutum na rataye da wannan amsar. Wallahi har a lokacin ba wanda ya motsa, kuma na ga wasu sun gwammace a ja igiyar nan a wuce wurin. Samari suka fara gunaguni, wani ya ce ciyawa aka kawo musu.

Malam Ja'afaru ne ya ɗaga hannu. Da harshensa da ya fara nauyi ya ce shi ya samu, ba sau ɗaya ba. Ya ce rumbunsa ya ƙare tun kafin sallar layya, yana dawowa daga masallaci ya ga ƙunshi a ƙofa, ya ɗauka ya shige da shi cikin riga, kuma kullum sai ya yi wa mai ajiyewa addu'a. Wakili ya rufe fuska da hannun riga ya ce shi ma. Daga nan sai ga shi nan da can ana amsawa ƙasa-ƙasa, kowa na mamakin ashe ba shi kaɗai ba ne.

Sai murya ta fito daga bayan zana, a natse, har da ɗan jin haushi. Marka ce.

"Haba Falalu, mi ya kai ka tona asirin bayin Allah cikin taro? Ni ka ajewa. Na ga gidajen da sunka ciyar da mu hayaƙi ya bar tashi cikinsu, na san ko za su mutu ba su roƙo. Mi alkama tay yi?"

Ta ce ita ta matsa wa Ɗanasabe, ganin buhuna jibge a sito ɓeraye ma ba sa ci, mutane kuma na kwana da yunwa. Shi ya gaya mata jan nan alama ce da kamfani ke sawa don a gane kayan sata. Shi ya sa take wankewa, ta sake wankewa, har sai ruwa ya fita fari, ta shanya, sannan ta bi gari lokacin da maza ke masallaci. Wa zai tambayi ungozoma ina za ta da asuba? Ita ko ƙwaya ba ta taɓa kaiwa baki ba, ta kuma hana ɗanta, don ba a cin abin sadaka a gidan mai bayarwa. Ɗanasabe ya fashe da kuka, ya ce shi tun mutuwar Husaina zuciyarsa ke raya masa wani abu, tsoro ya hana shi faɗa.

Falalu ya ce, "Inna, jan ka hita. Dahin ba shi hita." Sannan ya maimaita abin da malamin gona ya gaya masa, bai rage ko kalma ba.

Ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya zage ta. Wa zai fara? Duk wanda ke wurin ko ya ci ya yi mata addu'a, ko ita ta yanke masa cibiya. Muka ji ta bayan zana tana kiran sunayen matan da ta wanke, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar tana tashin su daga barci. Mai igiya ya sake ta ta faɗi ƙasa. Wakili ya ciro mabuɗi daga aljihu ya miƙa wa Falalu, ya ce ya je ya buɗe ɗan'uwansa, Allah ya yafe mana.

Falalu ya karɓa, karo na farko tun dawowarsa fuskarsa ta saki. Har ya juya sai Marka ta yaye zanar ta fito cikin maza, ba mayafi, ta riƙe masa riga.

"Falalu. Yaron ga… da anka kulle shi ba mai kai mai ko ruwa. Gidan ga ana makoki, samari sun hana kowa. Ni ɗai ta ba a tarewa." Ta ƙara damƙe rigar. "Safe da marece ni ka miƙa mai tuwon alkamar ga ta taga. Tun ran farko."

Falalu ya cire hannunta daga rigarsa a hankali, ya zagaya bayan zaure, muka bi shi. Mabuɗin ya ƙi shiga sai da ya riƙe shi da hannu biyu.

Bawa na zaune a kan buhu, akwai akushi a gefensa an suɗe shi tas. Bai rame ba ko kaɗan. Da ya ji muryar Falalu ya yi dariya, ya ce shi dama ya san in dai ƙasa na magana, zai fita. Ya miƙe, ya juyar da kai gaba ɗaya yana neman inda ɗan'uwansa yake, alhali yana nan dab da kafaɗarsa.

"Kai ni wurin Inna Marka in yi godiya tukuna," in ji shi. "Ba don ita ba da yunwa ta kashe ni. Amma kama ni, ɗan'uwa, zama ya yi yawa. Ƙasar ga ban jin ta."

Falalu ya sa hannu ya tallabe shi, suka fito tare.